Tambayi Injiniya: Na'urar ɗumama gidana ta shekara 13, in gyara ko in sayi sabuwa?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: na'urar nan da ke ɗumama gida idan sanyi ya sauko, ta kuma juya ta sanyaya shi idan zafi ya taso. Ni na saba kiranta na'urar jan zafi, domin aikinta ke nan. Na ɗauko huɗu daga ciki. Ta farkon ce za ta cinye mana wuri, sauran su yi mini uzuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Shekara 13 ke nan da aka saka mana wannan na'ura, kuma ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba sai bana. Makon jiya ta ƙi tashi. Ɓangaren da ke waje yana gurnani kamar zai kama, amma fanka ba ta juyawa. Mai gyaran da na kira bai ko buɗe ta ba. Ya tambayi shekarunta kawai, ya ce kwananta ya ƙare, in sayi sabuwa, kuma shi zai kawo mini. Raina bai kwanta ba. Shekara nawa ne ainihin ƙarkon wannan na'ura, kuma ta yaya zan gane lokacin canji ya yi? Daga wani magidanci mai bibiyar shafinka.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Da ranka ya kwanta da wannan hukunci, da na yi mamaki. Mutumin da bai kwance noti ko ɗaya ba, bai ɗora mita a kan waya ko ɗaya ba, amma ya riga ya san na'ura ta mutu, ga kuma sabuwa a hannunsa, ai ba gyara ya zo yi ba, talla ya kawo maka har gida.

Ga adadin da ka nema. Irin taka, wadda ke jan zafi daga iskar waje, akan ƙiyasta mata shekara 15. Wadda ta sha wuya takan kwanta tun tana 10 ko 12, wadda ta samu kulawa takan kai 20. Shirin ENERGY STAR na gwamnatin Amurka yana ba mutane shawarar su fara tunanin canji da zarar na'ura ta haura shekara 10, kuma nan ne masu sayarwa suka samu abin kafa hujja. Amma tunani aka ce a fara, ba a ce a tuge ta a yar ba. Akwai wata iri kuma da ke jan zafinta daga cikin ƙasa ta bututun da aka binne. Ita wannan injinta yana cikin gida, ruwa da rana ba sa dukansa, don haka yakan haura shekara 20, bututun da ke ƙasa kuwa yakan wuce 50.

Domin masu karatun da ba su taɓa zama da ita ba: uwa ɗaya uba ɗaya suke da firij da iyakwandishan. Ba ta haifar da zafi, ɗaukarsa take daga wani wuri ta kai wani. Gas ne ke zagayawa cikin bututun jan ƙarfe, kwamfiresa na matsa shi yana yin zafi, ya saki zafin, a sassauta shi ya yi sanyi, ya sake ɗebo wani. Sai wani bawul da ke juya hanyar gas ɗin, shi ya sa take iya fitar da zafin ɗaki waje a bazara, ta shigo da na waje ciki a hunturu. Ko iskar da kake ji kamar ƙanƙara akwai sauran zafi a cikinta, kuma na'urar ta san yadda za ta tatso shi. Wannan ne ya sa takan ba ka ɗumin da ya ninka wutar da ta sha sau uku ko huɗu, abin da hita ba za ta taɓa yi ba. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: iyakwandishan yana samun hutun rabin shekara, ita kuwa ba ta san hutu ba. Ta gama da zafi ta shiga sanyi. Kamar mota ce, ba shekarar ƙira kaɗai ake duba ba, har da nisan da ta ci. Na'ura biyu da aka saka rana ɗaya, ɗaya a gidan da ake wanke matatarta duk wata, ɗaya a bakin teku inda gishirin iska ke cin ƙarfe kuma ba wanda ke leƙa ta, idan ka gan su bayan shekara 10 ba za ka ce sa'o'in juna ba ne.

Yanzu ga taka. Gurnani ba tare da fanka ta juya ba, a sau da yawan da na gamu da shi, kafasita ce. Wani ɗan gwangwani ne da bai fi cikin hannu ba, shi ke ba inji turin farko idan zai tashi. Zafi da daɗewa suna kumbura shi, kuma yana cikin kayan da suka fi araha a jikin na'urar gaba ɗaya. Yana iya yiwuwa kuma injin fankar ne ya ƙone, ko makunnin da ke ba ɓangaren waje wuta ya ci. Ban ga na'urarka ba, don haka ba zan rantse ba, amma duk ukun nan ba ciwon ajali ba ne. Abu biyu kafin wani ya zo: kashe ta daga babban makunni, domin barinta tana gurnani yana dafa kwamfiresa, sai ƙaramin ciwo ya zama babba. Kuma kada ka sa hannu a kafasitar da kanka, tana riƙe wuta a cikinta ko bayan an cire layi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, tambayar farko ba “shekararta nawa” ba ce, “me ya lalace” ce. Kafasita, makunni, injin fanka, ma'aunin zafi, waɗannan kamar taya ne da batir, ana canza su a ci gaba da tafiya ko da na'urar ta shekara 15. Akwai na tsakiya, irin su fanel mai sarrafa ta, da bawul ɗin nan mai juya hanya, wanda canza shi sai an zuƙe gas an yi walda. A nan sai an zauna an yi lissafi. Sannan akwai manya biyu: mutuwar kwamfiresa, da yoyon gas a cikin naɗaɗɗen bututun da iska ke ratsawa. Idan ɗayan biyun nan ya samu na'urar da ta haura shekara 10, yawanci magana ta ƙare. Ma'aunin da muke amfani da shi a sana'ar mai sauƙi ne: in kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin sabuwa, kuma na'urar ta riga ta ci kashi biyu cikin uku na rayuwarta, gyaran asara ce. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin shekara 5 zuwa 10 a kan kwamfiresa, don haka wanda tasa ta mutu tana shekara 7 ya fara lalubo takardunsa tukuna. Kai dai ka wuce nan.

Wannan ma'auni ba a takarda na koye shi ba. Shekarun baya wata dattijuwa ta kira ni a kan na'urarta mai shekara 14, kwamfiresa ta ƙone. Ta ce ba ta da halin sabuwa, ni kuma tausayi ya kama ni, ga ƙuruciyar son nuna gwaninta. Na canza mata kwamfiresa, na yi aiki mai tsafta, na tafi ina jin daɗin kaina. Wata bakwai tsakani ta sake kira. Bututun ciki ya ɓule, tsatsa ta cinye shi, kuma da na haska shi da tocila tun ranar farko da na ga alamun. Ƙarshe sabuwar da muka guje wa ita ta saya, bayan ta biya kuɗin kwamfiresa a banza. An gudu ba a tsira ba. Ba ta faɗa mini baƙar magana ba, kuma shirun nan nata ya fi mini zafi. Tun daga ranar ba na taɓa babban gyara a tsohuwar na'ura sai na bi sauran gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya, domin kayan da suka fara aiki rana ɗaya kusan tare suke tsufa.

Akwai wata shaida da mutane ba sa kula da ita, alhali tana cikin durowarsu: takardun kuɗin wuta. Ɗauko na shekara uku, ka jera watannin sanyi kusa da juna. Kada ka dubi kuɗin, domin farashi yana canzawa, dubi adadin wutar da mita ta ƙirga. Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, da yawa daga cikin waɗannan na'urori suna da hitar ko-ta-kwana a ciki, wadda ke kamawa idan sanyi ya fi ƙarfin injin. Na'urar da ta gaji takan ɓuya a bayan wannan hita. Gida da ɗumi, kowa na barci lafiya, ba wanda ya san kwamfiresa ta daina taɓuka abin kirki, sai takardar wuta ta zo a ga ta yi tsalle. Amma kafin ka ɗora laifin a kan tsufa, a wanke ta tukuna. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce bambancin shan wuta tsakanin na'urar da ake kula da ita da wadda aka yi watsi da ita yana kaiwa kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. Na sha zuwa gidan da aka ce na'ura ta tsufa, in tarar matatar iska ce ta toshe da ƙura har ta zama kamar bargo. In an wanke, an auna gas ya cika, amma har yanzu tana shan wuta fiye da da, tana kuma kasa kai ɗaki inda aka saita ta, to tsufan ne da gaske. Haka idan ka ga mai gyara ya zo sau uku a shekara ɗaya, kowane zuwa da sabon ciwo. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wadda ba za ta yi ba ma haka.

In ɗan ratse. Idan wani ya ce maka ƙarfe yana da ranar mutuwa a rubuce, ka ba shi labarin zauren majalisar birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. A 1938 aka kunna na'urar jan zafi a can, tana ɗebo ɗumi daga ruwan kogin Limmat, kuma ita ta riƙa ɗumama ginin har 2001. Shekara 63. Ba ina cewa taka za ta yi haka ba, wancan babban inji ne da ke da masu kula da shi. Amma ko a can ɗin, wadda ta fi ta tsimin wuta aka samu aka maye gurbinta da ita.

Shawarata: kira mai gyara na biyu, wanda ba ya sayar da na'ura in da hali. Ka ce ya auna a gabanka, ya nuna maka abin da ya mutu, ya kuma faɗa maka wutar da kwamfiresa ke ja da matsin gas. In ƙaramin abu ne, gyara. Amma daga ranar ka fara ajiye wani abu a gefe, domin shekara 13 ba yarinta ba ce, wataƙila saura maka biyu, wataƙila biyar. Idan lokacin canjin ya zo, ka zaɓi watannin da ke tsakanin zafi da sanyi, lokacin da masu aikin ba su da cunkoso kuma kana da sukunin tambayar mutum uku. Wanda tasa ta mutu a daren da sanyi ya fi tsanani, ga yara a gida, duk abin da aka miƙo masa shi zai karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Tamu ta kai shekara 18. Shekara uku a jere ke nan duk farkon sanyi sai an ƙara mata gas, kuma kowane karo kuɗin sai ya ƙaru. Mai gyaran ya ce haka tsofaffin na'urori suke, suna shan gas. A jikin takardar da ke manne da ita na ga an rubuta R-22. In ci gaba da ƙarawa? Daga wata uwargida.

AMSA: Hajiya, a'a. Gas ɗin wannan na'ura ba fetur ba ne, ba ƙone shi take yi ba. Zagayawa yake cikin rufaffen bututu, kuma in babu ɓuli, wanda aka zuba ranar farko shi zai kai ta ƙarshen rayuwarta. In ya ragu, yoyo ne, babu wani bayani. Ƙarawa duk shekara ba tare da an nemo ɓulin ba, ɗibar ruwa ce da kwando. Ɓarnar ma ba ta tsaya a kuɗin gas ba. Gas ɗin da ke komawa cikin kwamfiresa shi ke sanyaya ta, shi ke kuma dawo mata da man da take aiki da shi. Duk watannin da take aiki da rabin gas, dahuwa take yi a hankali.

Da yoyon a mahaɗar bututu yake, gyaran rabin yini ne. Amma a na'ura mai shekara 18, na fi zargin jikin naɗaɗɗen bututun ne ya rube, kuma irin wannan in aka toshe nan sai can ya ɓalle.

Sai maganar R-22, wadda ita ce ta yanke hukuncin. Wannan gas yana cikin masu lalata rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana, shi ya sa ƙasashe suka amince a kawar da irinsa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. Amurka ta daina barin a saka shi a sabbin na'urori tun 2010, ta kuma hana yin sa da shigo da shi daga 1 ga Janairu 2020. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi ko wajen gyara tun 2015. Ƙasashe masu tasowa an ba su zuwa 2030. Kin ga dalilin da ya sa kuɗin ke hawa, kuma ba zai sauko ba. Ki canza ta, kuma ki yi hakan kafin ta zaɓar miki rana.

Idan kin je saye za ki ji sunaye. R-410A shi ya gaji R-22, ba ya taɓa ozon, amma ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na hayaƙin kabon sau 2,088, don haka shi ma an fara rage shi tun bayan gyaran yarjejeniyar da aka yi a Kigali a 2016. Na yanzu su ne irin su R-32, mai ninki 675, da R-290 wanda nasa ninkin 3 ne kacal. Wanda ke da R-410A lafiyayya kada hankalinsa ya tashi, ya ci gaba da amfani da abarsa. Amma mai sayen sabuwa yau, gara ya ɗauki wadda gas ɗinta zai daɗe a kasuwa. Gargaɗi ɗaya: kada ki bar kowa ya ɗura wa tsohuwar wani gas daban da sunan “duk ɗaya ne”. R-290 yana kama wuta, kuma na'urar da ba don shi aka ƙera ta ba, ba wurin zamansa ba ce. Ranar cirewa kuma a zuƙe tsohon gas cikin tukunya, kada a yanke bututu a sake shi a iska.

TAMBAYA: Malam Injiniya, na yanke shawarar canji. Don in rage kashe kuɗi, ina so in canza ɓangaren waje kawai in bar na ciki tunda yana aiki. Kuma ina so in sayi wadda ta fi tsohuwar girma don ta riƙa ɗumama gidan da sauri. Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Ɗan'uwa, duka biyun gyaran gangar Auzinawa ne. Na waje da na ciki tare aka auna su, kamar takalmi ƙafa biyu. In gas ɗinsu ya bambanta ma babu zancen haɗawa, domin R-410A yana aiki da matsin da ya fi na R-22 nesa, kuma mansu ba iri ɗaya ba ne. Ko gas ɗaya ne, sabon ba zai ba ka tsimin wutar da aka rubuta a jikinsa ba, kamfani kuma yana iya janye garantinsa.

Girman kuwa shi ne ya fi damuna, domin yana cikin abubuwan da na ga sun fi kashe na'ura da ƙuruciyarta. Wadda ta fi ƙarfin gida takan kai zafin da aka saita cikin 'yan mintuna, ta mutu, ta sake tashi, haka dai yini guda. Lokacin tashi ne kwamfiresa ta fi jan wuta, ta fi kuma shan wahala. Masu inbata, da ke iya rage gudu maimakon su tsaya cak, sun rage wannan matsala amma ba su kawar da ita ba. A auna gidan: faɗinsa, tagoginsa, irin rufinsa, inda iska ke shiga. In ka canza tagogi ko ka ƙara abin tare sanyi a bango tun bayan saka tsohuwar, kana iya tarar da cewa ƙarama da ita kake buƙata.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tamu shekararta 2 kacal, amma da safe idan ana sanyi sai in ga ƙanƙara a jikin ta waje, can sai fanka ta tsaya, a ji wani huci, hayaƙi ya tashi. Ko ta fara lalacewa ne? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, lafiyarta ƙalau. Ba hayaƙi ba ne, tururi ne. Idan tana jan zafi daga iska mai laima, raɓa takan daskare a jikin bututun waje. Sai ta juya hanyar gas na ɗan lokaci, ta tura zafi can ya narkar da ƙanƙarar, hucin da kike ji kuwa bawul ɗin ne ke juyawa. Yakan ɗauki minti 5 zuwa 15, sannan ta koma aikinta. Abin da zai sa ki kira mai gyara shi ne idan ƙanƙarar ta yi kauri ta lulluɓe ta, awanni suka wuce ba ta narke ba. Kafin ya iso ki kashe ta, ki duba ko ruwan indararo ne ke zuba a kanta, ki share ganye da dusar ƙanƙara har ta samu fili kamar santimita 60 ta kowane gefe. In kin matsu, zuba mata ruwa mai ɗumi-ɗumi. Kada dai a kusance ta da wuƙa ko sukundireba, domin bututun nan siriri ne ƙwarai, kuma na taɓa ganin na'ura mai wata takwas da aka huda ta haka.